Lakwal, makarantar allo ko zaman gida: ina ya kamata a sa yaro mai otizim a Maradi?

Duk shekara in watan Oktoba ya kawo jiki anka fara hada-hadar rantire, wato komawa makarantar boko, iyayen da ke da yaro mai otizim, wanda wasu ke kira galahanga, suna shiga wani tunani da sauran iyaye ba su san shi ba. Maƙwabta suna lissafin kuɗin kaye da bik da tufafin makaranta, ke kuwa kina kallon ɗanki ɗan shekara biyar ko shida yana jera murafun kwalba a tsakar gida, an kira sunanshi sau uku bai waiwayo ba, kina tambayar kanki in sa shi lakwal kamar kowa, ko in kai shi wajen malam, ko dai in bar shi gida wurina. Mai ɗan hali kuma ana ta ce mishi ya tafi Yamai ko Kano. Ni na daɗe ina koyarwa nan Maradi, kuma ɗan ƙanwata yana cikin yaran nan, shi ya sa nake so mu baje zancen a faifai, kowace hanya da amfaninta da illarta, don mutum ya zaɓa da idonshi buɗe ba don an ce ba.

Amma dan Allah kafin a yi maganar makaranta a fara da asibiti, a duba kunnen yaro. Mu nan ƙasar sanƙarau ce, kuma sanƙarau na iya barin yaro da kurumta, haka ciwon kunne mai ruwa in ya daɗe ba a kula ba yana rage ji, to yaron da ba ya amsa kira wataƙila ba ya ji ne kwata-kwata, shi hanyarshi daban ce. Mai otizim kuwa sau da yawa yana ji sarai, ki buɗe ledar biskit daga ɗaki za ki ga ya taho a guje, amma sunanshi ba ya ɗauke mishi hankali, ba ya nuna miki abu da yatsa don ki gani, ba ya son a canza mishi abin da ya saba, wata ƙara da mu ba mu damu da ita ba shi tana yi mishi kamar ana huda kunnenshi. In yana faɗuwa ko yana ƙafewa na ɗan lokaci ido a tsaye a gaya ma lokotoro, saboda farfaɗiya ta fi yawa ga masu otizim fiye da sauran yara, ita kuma tana da magani. Otizim ɗin kanshi ba shi da ƙwaya ko allurar da ke cire shi, halitta ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma kuma gado na da hannu sosai a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba allurar rigakafi ba ce, likitan Ingila da ya fito da wannan zancen a 1998 an janye rubutun nashi a 2010 an kuma karɓe mishi izinin aiki. Kuma ba sabon abu ba ne da ya zo da zamanin waya, tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayanin yara 11 masu irin wannan hali. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta taɓa ƙiyasta kamar yaro 1 cikin 100, maza sun fi mata yawa, ka ga kenan babu unguwar da ba su, daga Zariya har Bagalam, ɓoye su kawai ake yi.

To mu fara da lakwal tunda ita ce kowa ke fara tunani.

Babban abin da lakwal ke da shi wanda gida ba shi da shi yara ne tsararshi da tsari. Ana shiga lokaci guda, ana fita lokaci guda, wurin zama guda, mushe wato malamin aji guda, yau kamar jiya, kuma wlh yaran nan suna son haka fiye da yadda ake zato. Yana ganin yara suna layi, suna jiran bi da bi, suna ɗaga hannu, ko bai yi ba yana gani. Haƙƙinshi ne kuma, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu naƙasa tun 2008, wadda ta ce a yi karatu tare da kowa, saboda haka in kin je wajen darakta ba roƙon alfarma kika je ba. Ga takarda a ƙarshe, wanda Allah ya ba basira sai ya wuce koleji har jami'a, akwai masu otizim da yawa da kansu ke ja sosai a lissafi ko karatu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ajinmu na CI, wato ajin farko na firamare, ba wurin wasa ba ne. Aji cike maƙil, mushe ɗaya da alli a hannu, yara na maimaita abu da ƙarfi baki ɗaya, rufin kwano ya ɗauki zafi, wani ajin ma rumfar kara ce da kana jin abin da ake faɗa a na kusa. Yaron da ke toshe kunne in injin niƙa ya tashi yaya zai yi awa huɗu a nan? Abin da yakan faru shi ne ya fara kaɗa jiki ko ya shige ƙarƙashin tebur ko ya ruga waje, mushe da bai san lalurar ba ya ɗauka taurin kai ne, sai bulala, yara kuma su sa mishi suna, a lokacin shan iska a zagaye shi ana tsokana don an ga yana saurin fashewa da kuka. Wannan tsokanar ita ce ta fi ci mini rai, saboda yaron ba zai dawo gida ya ce ga abin da anka yi mini ba, sai dai ki ga ya daina barci ko ya fara cizon hannunshi. Akwai kuma maganar tsaro da bai kamata a kauda kai ba, mu mutanen Maradi ba mu manta gobarar azuzuwan kara ta Nuwamba 2021 da ta ci rayukan ƙananan yara fiye da ashirin ba, Allah ya jiƙan su. Yaron da in an yi ihu a fita shi sai ya ƙafe wuri guda, dole a san wane ne zai kama hannunshi.

Wasu iyayen kuma Faransanci ke ba su tsoro, wai yaron da Hausa ma bai kama ba za a ɗora mishi wani harshe, har na ji masu cewa a daina yi mishi Hausa a gida don kada ya ruɗe. Kada ku yi haka. Binciken da anka yi kan yara masu otizim da ke tashi da harshe biyu bai nuna yana ƙara musu jinkirin magana ba, kuma Hausa ita ce kakarshi da mai shagon unguwa za su yi mishi.

Lakwal mai zaman kanta fa? Yawanci yara sun fi kaɗan a aji, shi ne amfaninta, amma tsada ba ita ke nuna za su iya da shi ba. Wata makarantar za ta karɓi kuɗin shekara ta aje yaro a bayan aji kamar kaya, wata kuma tana tsoron kada sauran iyaye su yi ƙorafi. Ni a wurina ba sunan makaranta ake zaɓa ba, mutum ɗaya ake zaɓa, madam ɗin ko mushen da zai riƙe shi. In ya yarda yaro ya zauna gaba kusa da ƙofa, ya yarda ya fita ya huta in hayaniya ta yi mishi yawa, ya yarda a fara da awa ɗaya ko biyu a rana ana ƙarawa sannu, ya kuma yi alkawarin ba duka, to ko lakwal ɗin gwamnati ce ta fi mai fenti da mota. In yaro bai kai shekarun CI ba, jardan ta ƙananan yara ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, wasa ya fi yawa, zama wuri guda kaɗan ne.

Makarantar allo kuma mutane da yawa suna raina abin da za ta iya yi ma irin yaran nan, ni ban raina ba. Tana bakin ƙofa, malam ya san gidanku ya san kakan yaro, kuɗin laraba ba ya karya mutum, kuma tsarinta na kowa da allonshi ne, ba a cewa dole aji duka su kai shafi kaza ranar kaza, in ya yi wata uku a kan wanki guda ba wanda zai kore shi. Karatun maimaici ne da kari mai daɗi, da yawansu kuwa Allah ya ba su riƙe abin da sunka ji, za ki ga yaron da ba ya cewa ba ni ruwa yana kawo Fatiha da ƙananan surori tsaf da muryar malam. Ranar da uwa ta ji haka sai hawaye, kuma ya cancanta, don yaron ya samu wani abu da mutanen unguwa za su yaba mishi maimakon nuna shi da baki. Ga shi zaman gajere ne, safe da maraice, Alhamis da Juma'a hutu.

Amma a nan ma sai an yi hattara da abu uku zuwa huɗu. Hayaniyar makarantar allo ta fi ta lakwal wani lokacin, kowa na ɗaga murya da nashi karatu, sai dai da yake a fili ake zama ko a zaure ana iya shimfiɗa mishi buzu a gefe can nesa kaɗan. Dorina ita ce babbar matsala, wani malamin ma ba shi ke duka ba, gardi ne ko babban almajiri da anka bar ma yara. Sannan hadda ba ita ce magana ba, yaro na iya haddace izu guda bai san yadda zai ce cikina na ciwo ba, saboda haka kada a ce tunda yana karatu ai ya warke a daina koya mishi neman abin da yake so. Wani malamin kuma da ya ga yaro na kaɗa hannu yana magana shi kaɗai sai ya ce iska ce, a fara hayaƙi da shaƙe da tsawa a kunne. Addu'a da tofi babu mai hana su, mu duka muna yi, amma duk abin da ya kai ga duka ko ɗauri ko turara barkono, cutarwa ce tsagwaronta kuma yaron tsoron mutane zai ƙara. Islamiyya mai aji da benci ita tana tsakiya, tana da tsarin lakwal, matsalolinta ma irin na lakwal ne.

Abu guda da zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba, kada a tura yaro mai otizim almajiranci wani gari. Ko Tibiri ce nan kusa, balle a ƙetara Katsina ko Kano. Yaron da ba zai iya faɗin sunan ubanshi da garinsu ba, ba ya gane wanda ke nufinshi da sharri, ba ya cin kowane irin abinci, in ya ɓace ya ɓace kenan.

Saura gida. Da yawa in sun ce mun bar shi gida abin da suke nufi shi ne mun haƙura, an rufe ƙofa an miƙa mishi waya yana kallon abu guda tun safe har batir ya mutu, in baƙi sun zo a tura shi ɗaki. Wannan ba zaɓi ba ne, ajiya ce. Amma gida in an maida shi wurin koyo, ga yaro ƙarami ko wanda bai fara magana ba babu makarantar da ta kai shi a garin nan, don abin da ya fi buƙata a lokacin ba abacada ba ne, ya san yadda zai nemi abu, ya shiga bayi, ya ci abinci da kanshi, ya sa riga, ya tsaya in an ce tsaya. OMS ma tana da wani tsari na horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, kuma tushenshi kenan, a koyar cikin wasa da aikin gida na yau da kullum.

Bari in nuna yadda ƙanwata ke yi da ruwan sha don a gane ba wani abin kuɗi ba ne. Da, in yana jin ƙishi sai ya ja hannunta zuwa randa yana kuka, ita kuma ta ɗebo da sauri don ya yi shiru. Sai ta aje wani kofin roba ja guda ɗaya a kan kujera 'yar tsugunno inda hannunshi ke kaiwa. In ya ja ta, sai yayarshi ta kama hannunshi daga baya a hankali ta sa ya ɗauki kofin ya miƙa ma uwar, uwar ta durƙusa daidai fuskarshi ta ce ruwa, kalma ɗaya tak, ta zuba kaɗan ba cikawa ba don ya sake nema. Sai ta yi shiru tana jira, kuma jiran nan shi ne mai wuya, mu mun saba cika yaro da me kake so, faɗa mana, ce ruwa, ce ruwa mana. Sannu-sannu yayar ta daina kama hannun, ya koma kawo kofin da kanshi, kukan randa ya ƙare. Daga nan buta ta zama alamar bayi, takalmi alamar fita, kwano alamar abinci. Masu hali suna ɗaukar hoton kayan da waya a wanko musu a liƙa a kwali, irin tsarin musayar hoto da anka ƙirƙiro a Amurka a 1985, amma kayan gida ma sun isa a fara. Kuma kada a ji tsoron wai alama za ta hana shi magana, ba ta hanawa.

Gidanmu na Hausa yana da wani arziki da littattafan Turawa ba su lissafa ba, hannuwa da yawa, kaka da gwaggo da yayye da abokiyar zama, in an haɗa kai kowa ya san kofi ja na mene ne yaron na samun darasi sau ashirin a rana ba tare da an zauna aji ba. In kuma ba a haɗa kai ba to nan ne uwa ke shan wuya, gori daga nan, a ce ta sangarta shi, a ce daga danginsu ne, dare ba barci, rana ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna ba ta iya sana'arta. Maigida, wannan naka ne, kai ne za ka tsawatar, kuma ka ɗauke shi ko rabin awa ne da la'asar ka zaga da shi ta samu ta numfasa. Illar gida ta biyu rashin tsara, ta uku kuma fita ba a sani ba. Da yawansu suna son ruwa kuma ba su san haɗarinshi ba, nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu otizim da sunka sulale daga gida, to a rufe rijiya da murfi mai nauyi, a sa sakata sama inda hannunshi ba ya kaiwa, da damina in Gulbi ya kawo ko kududdufai sun cika a ninka kula, a gaya ma mai shago da 'yan kabu-kabun bakin layi cewa in sun gan shi shi kaɗai su riƙe shi. Lambar waya a ɗinke cikin riga ba ta cin ko dala.

Zancen Yamai ko Kano ba zan daɗe a kai ba. A manyan birane an fi samun likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da masu koyar da magana, kuma zuwa a duba yaro a tabbatar da abin da ke damunshi a rubuto muku abin da za ku riƙa yi yana da amfani ƙwarai. Amma Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, aikin kuma na kullum ne ba na sati biyu ba, saboda haka a je a koyo a dawo ya fi a sayar da gona a kwashe iyali, ko a bar yaro hannun dangin da bai saba da su ba. In an je uwa ta shiga ɗakin da ake aikin ta gani da idonta, ta nemi izini ta ɗauka a waya. In lokotoro ya rubuta magani saboda yaro na ji ma kanshi ciwo sosai a tambaye shi illarshi, irin su risperidone suna sa ƙiba da barci, kuma ba maganin da za a saya a tebur ba ne don an ga ya yi ma ɗan wance amfani. Duk wanda ya ce kawo jaka kaza in warkar da shi cikin wata guda, likita ne ko mai gargajiya, ki riƙe kuɗinki.

To wanne za a ɗauka? Ni ga yadda nake ba iyaye shawara in sun same ni. Yaron da bai da hanyar neman abu, bai san bayi ba, yana rugawa titi, a ba gida ƙarfi tukuna, a haɗa mishi da ɗan zama gajere wajen malamin unguwa mai haƙuri tare da yayarshi ko wanshi, ko minti ashirin ne, don ya saba da ganin yara. Wanda ke da 'yan kalmomi, yana gane zo, zauna, kawo, yana iya zama na ɗan lokaci, a gwada jardan ko CI na rabin safiya, allo da maraice in bai gaji ba, in ya gaji a bar ɗaya. Wanda ke magana sosai kanshi na ja amma ba ya iya hulɗa da yara, lakwal ce wurinshi kai tsaye, aikin da ke gabanku shi ne tsare shi daga tsokana, a nemo mishi yaro ɗaya mai hankali a ajin da za su riƙa zama tare. 'Ya mace kuma a ƙara sa ido, su sun fi iya yin shiru su kwaikwayi sauran, sai a ce kunya ce alhali tana shan wuya, kuma ko ina za ta je a san wanda ke raka ta da wanda ke dawo da ita.

Ko wanne kunka zaɓa ku ɗauke shi gwaji ne na wata ɗaya zuwa biyu ba aure ba. Kukan satin farko ba komai ba ne, kowane yaro na yi. Abin dubawa shi ne bayan nan, yana barci kamar da, yana cin abinci, in an ɗauko takalmin makaranta yana tahowa ko yana ɓuya, akwai shaidar bulala a bayanshi in ana mishi wanka, fitsarin kwance da ya bari ya dawo. In alamun sun yi muni a rage awa a koma a zauna da mushe ko malam a tambaye shi daidai wane lokaci ne abin ke tashi, sau da yawa za a tarar abu ɗaya ne, ƙarar ƙarfen da ake bugawa na shan iska ko wani yaro guda da ke zungurinshi, a gyara wannan kawai. In an gyara bai canza ba a fidda shi, a huta wata biyu a gida ana aikin kofi da buta, a sake gwada wani wurin.